Wai da gaske ne sararin samaniya na iya rushewa ba ko sallama?

Gamzaki_92:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana fiziks na gidan nan ku cece ni. Daren jiya na kalli wani bidiyo, mai bayanin ya ce wai sararin nan da muke ciki, har wuraren da babu komai, ba a kan ƙafarsa ta ƙarshe yake tsaye ba. Wai wata kumfa na iya ɓullowa a ko'ina, ta kumbura da saurin haske, ta shafe taurari da duniyoyi da mu gaba ɗaya, kuma ba wanda zai ga tahowarta. Ya ce nauyin ƙwayar Higgs da aka auna ne ya nuna haka. Wallahi sai wajen ƙarfe uku barci ya ɗauke ni. Tambayata biyu ce. Shin wannan kimiyya ce ko neman 'yan kallo? In kuma kimiyya ce, ta yaya "babu komai" zai lalace? Abin da babu shi ai ba ya rushewa.

Shakku_Ba_Musu:
Wa alaikumus salam. Neman 'yan kallo ne. Duk shekara sai sun tashi duniya sau uku. Je ka rama barcinka.

Malam_Fiziks:
Shakku, wannan karon ka yi gaggawa. Mai bidiyon zai iya ƙara gishiri, amma maganar tana cikin fiziks tun kafin a haifi da yawanku. Wasu masana uku na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Voloshin da Kobzarev da Okun, sun yi lissafinta a 1974, sannan Sidney Coleman na jami'ar Harvard ya tsara ta sosai a 1977.

Gamzaki ƙanina, tambayarka ta biyu ita ce ƙofar shiga. Matsalar tana cikin kalmar "babu komai". Ɗauki akwati, ka zuƙe iskar ciki tas, ka toshe haske, ka sanyaya shi iyakar sanyi. Abin da ya rage mu kira shi fanko. To fankon nan ba rashi ba ne. Akwai abubuwan da muke kira filaye, a shimfiɗe suke ko'ina, kuma kowace ƙwaya da ka sani, ilektaron ne ko ƙwayar haske, motsi ce kawai a kan filinta, kamar igiyar ruwa a kan tafki. Igiyar ta lafa, tafkin yana nan. Yawancin filayen in aka ƙyale su sukan kwanta a sifili. Filin Higgs ne ya fita zakka: shi ko a kwance yana da ƙima, 246 GeV (GeV ma'auni ne na makamashi da nauyin ƙananan ƙwayoyi), a cikin ɗakinka da tsakanin taurari duk ɗaya ne. Wannan ƙimar ita ta ba ilektaron nauyinsa, nauyin ilektaron kuma shi ya tsayar da girman ƙwayar zarra. Ka ga ke nan kemistiri kaf a kanta ya jingina.

Abin tambaya shi ne, wannan kwanciyar ita ce mafi ƙasa da filin zai iya samu? A aji nakan ɗora ɗan kwano a bakin tebur, in jefa ƙwallon gilashi a ciki. Ya yi ta kai-kawo har ya tsaya a gindin kwano. Sai in tambayi ɗalibai, ya kai ƙasa? Su ce ya kai. Sai in nuna musu daɓen aji. In har akwai daɓe a ƙarƙashin kwanonmu, to fankon wucin gadi muke zaune a kai, ba na dindindin ba.

Mai_Gyaran_Firij:
Malam, ni ban yi nisa a boko ba, amma wannan bayanin naka na taɓa ganinsa da idona a wurin aiki. In na gama gyaran firiza nakan saka kwalbar ruwa mai tsabta don gwaji. Wani lokaci bayan awa biyu da wani abu sai in tarar ruwan yana nan ruwa, alhali ma'auni ya nuna sanyi ya wuce sifili da nisa. In ɗauko ta a hankali, ruwa garai-garai. Ina buga gindinta a tebur sai ka ga wani farin abu ya taso daga wuri ɗaya, ya bi kwalbar yana cinye ta, kafin ka ƙirga biyar ta zama ƙanƙara. Ranar da yarona ya fara ganin haka sakin kwalbar ya yi ya ja da baya. Ko irin wannan ne?

Malam_Fiziks:
Ranka ya daɗe, ai ka fi ni iya koyarwa. Shi ne ainihin misalin da masana suke bayarwa. Ruwan nan ƙanƙara ce ta fi masa sauƙi, amma sai an samu ɗan ƙullin farko. Kuma ƙullin yana da sharaɗi: fatar da ta raba ƙanƙara da ruwa tana cin makamashi, cikin ƙullin kuma yana bayar da shi. In ƙullin ƙarami ne, fata ta rinjayi ciki, sai ya narke ya ɓace. In ya wuce wani girma, ciki ya rinjayi fata, to babu mai tsayar da shi. Kumfar da Gamzaki ya ji haka take, sai dai bangonta yana ƙara gudu har ya kusa kai saurin haske.

Bambanci ɗaya ne. Kwalbarka sai ka buga ta. Fanko ba ya buƙatar kowa ya buga shi.

ZaraMatarWata:
Malam, a nan ka bar ni a baya. In ba wanda ya tura ƙwallon, ta yaya zai haura bakin kwano? Daga ina zai samo ƙarfin?

Dan_Kemistiri:
Yaya Zara, ba haurawa yake yi ba, ratsa bangon yake yi. A duniyar ƙananan ƙwayoyi, dokar kwantam ta ba abu ɗan ƙaramin rabo na ya tsinci kansa a bayan katangar da ba shi da ƙarfin tsallakewa. Ba tatsuniya ba ce. George Gamow ya yi amfani da ita a 1928 ya bayyana yadda wasu ƙwayoyin zarra ke fashewa su fitar da ɓurɓushi. Ita kanta rana ba don wannan ratsawar ba da ba ta ci wuta yadda take ci ba, domin zafin cikinta shi kaɗai bai isa ya haɗa firoton biyu, wato ƙwayoyin da ke cibiyar zarra, ba.

Ga misalin da ni ya fi burge ni. Akwai wani ƙarfe, bismut, wanda shekara da shekaru littattafai suke lissafa shi cikin sinadarai masu zama daram. A 2003 wasu masu bincike a Faransa suka kama shi yana ruɓewa. Sai dai kafin rabinsa ya ƙare ana buƙatar shekaru wajen 2 da sifili 19 a baya, wato ya ninka shekarun sararin samaniya fiye da sau biliyan. Kana iya riƙe shi a hannu har ka tsufa ba ka ga ya canja ba, amma ba dawwamamme ba ne. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Gamzaki_92:
Jama'a ku fa kun zo ku kwantar min da hankali ne, ga shi kuna ƙara tayar min da shi. To yaushe?

Dan_Lissafi:
Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, ga lambobi. A 2018 Anders Andreassen da William Frost da Matthew Schwartz sun fitar da ɗaya daga cikin lissafan da suka fi tsauri a kan wannan. Amsar da ta fi rinjaye a wurinsu shekaru ce masu sifili fiye da 100. Ko ka ɗauki ɓangaren da ya fi muni na lissafin, sifilin ya haura 50. Sararin samaniya kuwa shekarunsa biliyan 13.8 ne kacal, wato lamba mai sifili 10.

Sarkin_Gardama:
To sifili 100 da sifili 10, ai ninki goma ke nan. Ba wani nisa ba ne can.

Dan_Lissafi:
Haba Sarki! Kowane sifili ɗaya ninki goma ne. Sifili 11 ya riga ya ninka sifili 10 sau goma. Ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin da muke iya hangowa ƙiyasinsu sifili 80 ne. Da za a ba kowace ƙwayar zarra guda nata shekaru biliyan 13.8, su yi layi, wannan ta gama wannan ta karɓa, layin zai ƙare a sifili 90. Har yanzu da saura.

Sarkin_Gardama:
Na janye. Lissafi dama ba gidanmu ba ne.

Shakku_Ba_Musu:
To na yarda ba mai bidiyo ne ya ƙirƙira ba. Amma ku duba abin da Dan_Lissafi ya rubuta da kansa: amsa tana lilo tsakanin sifili 50 da sifili ɗari da wani abu. Wane irin awo ne wannan? Da ɗalibi ya kawo wa Malam irin wannan amsar a jarrabawa ai jan biro zai sha. Wa ya taɓa ganin wannan daɓen da ake cewa yana ƙasa da kwano?

Daliba_Mai_Kwak:
Malam Shakku, tambayarka ita ce ta fi kowacce nauyi a zaren nan, kuma a wannan fannin nake karatu, don haka bari in ɗan tsawaita.

Babu wanda ya ga daɓen. Daga lissafi ya fito. Siffar kwanon ba a tsaye take ba, tana canjawa gwargwadon yadda kake hawa makamashi, kuma abubuwa biyu ne suke ja-in-ja a kanta. Nauyin ƙwayar Higgs yana ɗaga bangon sama. Nauyin wata ƙwaya, mai suna top, daga dangin ƙwayoyin da ake kira kwak, yana danne shi ƙasa. Top ita ce mafi nauyi a duk ƙwayoyin asali da aka sani, an gano ta a 1995 a Fermilab kusa da Shikago, nauyinta tsakanin 172 da 173 GeV. Higgs kuma, da aka sanar da ganinta a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, ranar 4 ga Yuli 2012, ta zo a kan 125. Kafin ranar ba wanda ya san inda za ta faɗo. Da ta fi haka nauyi da 'yan GeV kaɗan, da an ce fankonmu daram yake an rufe babin. Da ta yi sauƙi sosai, da lissafi ya ce tuni ya kamata mu rushe, sai a gane akwai abin da ya ɓace a ka'idar. Sai ta zo ta zauna kusan a kan iyaka, ɗan taku kaɗan cikin ɓangaren wucin gadi. Wannan zama a kan iyakar shi ya fi ɗaure wa masana kai, ba tsoron kumfa ba.

Dalilin lilon da ka gani kuwa, top ce. Da nauyinta ya ragu da kamar kashi 1 cikin 100, daɓen ma sai ya ɓace gaba ɗaya. Kuma auna ta aiki ne ja. Ba ta daɗewa ko na ƙiftawar ido, rayuwarta sakan ɗaya ne da aka raba gida 1 mai sifili 24, ko ƙasa da haka. Ba ita ake gani ba, tarkacen da ta bari ake tattarawa a yi lissafin baya, kamar a ba ka fasassun tukunya a ce ka faɗi nauyinta kafin ta fashe, alhali wasu gutsattsarin sun gauraya da na wata tukunyar. Ɗan kuskure a nan yana shiga lissafin ta wurin da yake ninka kansa, shi ya sa sifili ke tsalle da gomomi.

Sai babban sharaɗin da masu bidiyo ba sa faɗa. Bangon ba ya fara lanƙwasawa ƙasa sai makamashi ya kai wajen GeV biliyan 10 ko sama. LHC, babban injin gwara ƙwayoyi na CERN, ya kai ga gwara firoton a kan 13,600 GeV a 2022. Tazarar ta kusa ninki miliyan. Lissafin ya ɗauka cewa a duk wannan tazarar babu wata sabuwar ƙwaya ko ɗaya. Alhali mun san ka'idar da muke da ita ba ta cika ba: ba ta faɗi mene ne ɓoyayyen abun nan mai nauyi da ke riƙe gungun taurari ba, kuma a asalin tsarinta nutirino, wata ƙwaya mai wuyar kamawa, ba shi da nauyi, ga shi an tabbatar yana da shi. Sabuwar ƙwaya guda na iya tokare bangon, wata kuma na iya ƙara rarake shi.

Shakku_Ba_Musu:
Malama, Allah ya ƙara basira. Wato dai a taƙaice "in kaza, in kaza, to kaza". Ashe ban yi nisa da gaskiya ba.

Daliba_Mai_Kwak:
Ka yi nisa kaɗan. Kai ka ce ƙarya ce. Ni cewa na yi amsa ce mai sharaɗi, kuma ita ce amsar da mafi ingancin ka'idar da ɗan Adam ya taɓa gwadawa take bayarwa in aka bi ta har ƙarshe. Shi ya sa a cikin dalilan da ake kawowa na gina sabon inji mai kewayen kilomita 91 a CERN akwai auna top da kyau, ta hanyar gwara ilektaron da kishiyarsa daidai wurin da top biyu ke fara fitowa.

Inna_Hajjo:
'Ya'yana ina bin ku a hankali. Abin da ya dame ni shi ne wancan na mai firij. Ya ce sai an buga kwalba take daskarewa. To waɗannan masu inji a ƙarƙashin ƙasa da suke ta gwara abubuwa, ba su ne za su buga mana kwalbar ba? Na tuna an taɓa cewa wani babban masani mai keken guragu ya yi gargaɗi.

Malam_Fiziks:
Inna, Allah ya ƙara lafiya. Stephen Hawking kike nufi, a 2014 ne jaridu suka yayata maganarsa. Abin da suka tsallake shi ne, a wuri guda ya ce injin da zai kai wannan makamashin sai ya fi duniyarmu girma. LHC kewayensa kilomita 27 ne.

Tsoron naki kuma ba sabo ba ne, masana sun rigaye ki. A 1983 Piet Hut da Martin Rees suka zauna suka duba shi. Hujjarsu mai sauƙi ce: sararin samaniya ya daɗe yana yin irin wannan gwarawar da kansa. Akwai ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke zuwa daga nesa suna dukan iskar duniya da wata da taurari, har su kan yi karo da junansu, shekaru biliyoyi ke nan. A watan Oktoba na 1991 wata na'ura a hamadar Yuta ta Amurka ta kama guda ɗaya mai makamashi wajen jul 50, a ƙwaya ɗaya tak, kwatankwacin a jefe ki da ƙwallo da ƙarfi. Ko an lissafa karonta da iska yadda ya kamata a kwatanta da inji, ya ninka na LHC fiye da sau 50. An buga kwalbar da guduma sau babu adadi ba ta daskare ba, balle mu da muke taɓa ta da tsinke.

Inna_Hajjo:
To madalla. Su ci gaba da wasansu.

Nas_Mai_Dare:
Ni abin da zan iya ƙarawa daga ɓangarenmu na asibiti shi ne batun jin zafi, tunda na ga shi ne ya hana Gamzaki barci. Saƙo mafi sauri a jijiyar mutum bai wuce mita 120 a sakan ba. Daga yatsan ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa sai ya ci fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Haske kuwa yana ratsa tsawon mutum a cikin kashi 7 cikin biliyan na sakan. Duk faɗin duniya ma kashi 4 cikin 100 na sakan ya ishe shi. Kafin ƙafa ta kai ƙara, babu ƙafar babu mai karɓar ƙarar. A cikin abubuwan da nake gani a bakin aiki, wannan ba ya cikin masu ban tsoro.

Gamzaki_92:
Anti Nas, ban san ko in gode miki ko in yi kuka ba.

Kaza_Da_Yaya:
Ni fa mamaki kuke ba ni. Kun tsallake abin da ke bakin ƙofa kuna hangen na bayan dutse. Rana tana ƙara haske kamar kashi 10 cikin 100 duk shekara biliyan. Nan da shekara biliyan ɗaya ko makamancin haka tekuna za su fara ƙafewa. Nan da biliyan 5 ta kumbura ta yi jawur ta haɗiye duniyoyin da suka fi kusa da ita. Wannan ba "in kaza" ba ne, ana ganin taurari irinta a kowane mataki na rayuwarsu. Kumfa ta zo ta tarar da wa?

ZaraMatarWata:
Kuma kafin nan ai za mu yi karo da gungun taurarin Andromeda, ko?

Kaza_Da_Yaya:
Haka aka daɗe ana faɗa, yana tahowa da gudun kilomita 110 a sakan daga nisan shekarun haske miliyan 2.5. Amma wani bincike da ya fito a 2025, da ya sa jan wasu gungu na kusa a lissafi, ya mayar da abin kusan rabi da rabi a cikin shekaru biliyan 10. Ko an yi karon ma taurari ba sa gwaruwa, tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa.

Baba_Mai_Madubi:
Ku bari tsoho ya sa baki. Shekara talatin ke nan ina kallon sama da ɗan madubin hangen nesa, kuma ni ƙarshen da ya fi taɓa min zuciya ba mai fashewa ba ne, mai shiru ne.

A 1998 ƙungiyoyi biyu masu auna fashewar taurari na nesa suka gano cewa faɗaɗar sararin samaniya ba raguwa take ba, ƙara sauri take yi. Perlmutter da Schmidt da Riess sun karɓi kyautar Nobel a kan haka a 2011. In abin ya ci gaba a haka, nan da shekara biliyan 100 duk gungun taurarin da ba na unguwarmu ba za su dusashe su ɓace wa gani. Lawrence Krauss da Robert Scherrer sun yi rubutu a kan wannan a 2007: wanda zai rayu a lokacin, komai kyan madubinsa, zai ga tsibirin taurari ɗaya ne a cikin duhu, kuma ba shi da hanyar da zai gane sarari yana faɗaɗa ko ya taɓa farawa. Zai yi awo daidai, ya yi lissafi daidai, ya samu amsar da ba daidai ba. Duk lokacin da na saita madubi a kan wani ɗan farin tabo mai nisa sai wannan ya faɗo min.

Daga nan ƙananan jajayen taurari, masu tsimin mai, su ne za su rage, suna ci a hankali na tiriliyoyin shekaru. Wajen shekara tiriliyan 100 na ƙarshensu ya mutu. Sai gawarwakin taurari da baƙaƙen ramuka. Su ma ramukan, bisa lissafin Hawking na 1974, suna tsiyayewa: mai nauyin rana sai shekaru masu sifili 67, manyan na tsakiyar gungu har wajen sifili 100. Mu mun saba cewa komai nisan dare gari zai waye. Wannan daren ba shi da asuba.

Dan_Kemistiri:
Baba, a tsakiya ka tsallake firoton. In yana ruɓewa, su ma gawarwakin taurarin narkewa za su yi. A Jafan akwai tanki mai ɗauke da tan 50,000 na tataccen ruwa a ƙarƙashin dutse, Super-Kamiokande, tun 1996 suke gadin ko firoton ɗaya zai fashe. Har yau shiru, abin da ya nuna rayuwarsa ta wuce shekaru masu sifili 34.

Sarkin_Gardama:
Ni kuma na ji akwai wanda sarari zai yage kamar tsumma.

Daliba_Mai_Kwak:
Akwai. Caldwell da Kamionkowski da Weinberg suka kawo shi a 2003. Sharaɗinsa shi ne ɓoyayyen makamashin da ke tura faɗaɗar ya riƙa ƙara ƙarfi da lokaci, har ya ɓalle gungu, ya ɓalle duniyoyi daga taurarinsu, a ƙarshe ya yaga ƙwayar zarra. Sai dai abin da na'urar DESI mai auna gungun taurari da ke Arizona ta fitar a 2024 da 2025 ya karkata ne ga akasin haka, kamar makamashin yana raguwa. Alamar ba ta kai matakin da ake kira ganowa ba tukuna. In ta tabbata, labarin Baba ma sai an sake duba shi.

Bawan_Allah_77:
Jama'a a yi hattara. Sanin lokacin ƙarewar duniya ba a hannun ɗan Adam yake ba.

Malam_Fiziks:
Gaskiya ne ɗan'uwa, kuma ka duba ba wanda ya sa rana a nan. Abin da ake yi shi ne a ce in dokokin da muka auna suka ci gaba yadda suke, ga inda suka nufa.

Bari in dawo da mu kan tambayar Gamzaki, domin maganar Baba ta taɓo ta ta wata fuska. Ita wannan faɗaɗar mai sauri da ke raba mu da sauran gungu, katanga ce kuma. Duk abin da ya faru yau a wurin da ya wuce nisan shekarun haske wajen biliyan 16, haskensa ba zai taɓa iso mu ba, sararin da ke tsakani yana miƙewa fiye da yadda haske zai cinye shi. To kumfar ba ta fi haske gudu ba. Za a iya cewa ta ɓullo can nesa tuntuni tana ta cin abin da ke gabanta, mu kuma har abada ba za ta cim mana ba.

Gamzaki_92:
Wannan ya ɗan sanyaya min rai. Amma Malam, cikin kumfar fa? Ba wata sabuwar duniya ce za ta fara ba?

Malam_Fiziks:
A cikinta ƙimar filin Higgs za ta yi tsalle zuwa wani abu mai girman gaske, nauyin ƙwayoyi ya canja, zarra irin tamu ba za ta tsayu ba. Mutane sun yi fatan ko wani irin tsari zai iya tasowa daga baya. Coleman da Frank De Luccia suka sa ƙarfin janyowa a lissafin a 1980, sai ya nuna in makamashin sabon fankon ya faɗa ƙasa da sifili, cikin kumfar da kansa zai durƙushe ya murƙushe cikin ɗan lokaci. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Daliba_Mai_Kwak:
Ƙari biyu kan maganar Malam. Na farko ya koma kan kwalbar mai firij: datti ko ƙurji a jikin kwalba yana sa ruwa daskarewa da wuri. Ruth Gregory da Ian Moss da abokan aikinsu a Ingila sun kawo shawarar cewa 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen ramuka, in akwai su, za su iya zama irin wannan dattin ga fanko. Har yanzu ana jayayya a kan lissafin. Na biyu, a farkon 2024 wani ɗakin gwaji a Trento ta Italiya, tare da masana daga Newcastle, ya sanyaya ƙwayoyin sodiyam har dab da iyakar sanyi, ya ajiye su a yanayin wucin gadi, ya ga kumfa tana ɓullowa, kuma yawan ɓullowarta ya bi irin lissafin da ake amfani da shi.

Shakku_Ba_Musu:
Sodiyam a ɗakin gwaji daban, sararin samaniya daban. Ina nan a kan bakana sai an auna top ɗin nan da kyau.

Daliba_Mai_Kwak:
A wannan kam ba mu da saɓani.

Gamzaki_92:
Na gode kowa da kowa. Jiya na yi barci. Kuma na saka kwalba biyu a firiza don in ga abin da Baba mai firij ya faɗa. Na dawo bayan awa uku na tarar duk sun zama dutse, ban ko taɓa su ba. Me na yi ba daidai ba?

Mai_Gyaran_Firij:
Ka bar su sun daɗe. Samu sabuwar kwalba da ba a buɗe ba, ka kwantar da ita ita kaɗai kada ta jingina da bangon firiza, ka duba a awa biyu. Kuma ka hana yara buɗe ƙofar.